Tambayar Rakiya da igiyar guga

Talata, bayan isha'i.

Yau kwana huɗu famfo bai ɗiga ba. Ɗan garuwa ya ƙara kuɗi, Hadiza ta tashi da mita, ni kuwa na sulale tun bakwai da rabi. Kabu-kabu daga Birni, ƙura har cikin haƙori.

Abin da ya hana ni sukuni a ajin ƴan tarminal ya faru. Ba ma cikin darasin yake ba, ni na jawo wa kaina. Muna kan ADN (DNA, in ji ƴan uwanmu na Najeriya), zaren nan mai ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwayar halitta, sai na ɗan kauce na ce musu ranar nan da ke gasa mu tana lalata shi: cikin haruffan da ke jere a kan zaren, T biyu da ke maƙwabtaka sai su manne, dole ƙwayar halitta ta yanke wurin ta sake shi. Kafin a yanke kuwa sai an raba zare biyun da ke murɗe da juna, aikin wani furotin da ake kira helikaz ke nan. Na zana zif a allo, ina jin daɗin kaina.

Rakiya ta ɗaga hannu.

"Mushe, zif ai hannu ke jan shi. Wannan wa ke jan shi? Kuma tunda ba ido gare shi ba, ƙaƙa yake sanin gaba da baya?"

Na ce ATP, makamashin ƙwayar halitta, ke ba shi ƙarfi. Aka kaɗa ƙararrawa. Ta ce, "To, Mushe," irin to ɗin nan da ke nufin na dai ƙyale ka. Kuma da gaskiyarta. An tambaye ni yadda babur ke tafiya, na ce da mai.

Rana ta wuce haka nan. Gyaran takardu. Shinkafa da wake wajen Iya. Na biya Kasuwar Dole neman batir, na manta abin da ya kai ni.

Da la'asar Hadiza ta tura Sani rijiyar gidan Malam Isa, na bi shi don in huta da mita. Ina tsaye yana jan guga, hannun dama ya damƙe, na hagu ya saki ya miƙa gaba ya damƙe, sannan na dama ya saki. Ba a taɓa sakin biyu lokaci ɗaya, in ba haka ba guga ya koma ƙasa. Wallahi sai da na ce "ashe!" da ƙarfi, yaron ya juyo.

"Kawu, lafiya?"

"Ja abinka."

Ga amsar da ya kamata in bayar. Helikaz irin UvrD, na ƙwayar cutar E. coli, zare ɗaya yake kamawa, da ɓangarori biyu kamar hannuwan Sani. ATP ya shiga tsakaninsu su matso, a ƙone shi su buɗe, kuma kowane zagaye harafi ɗaya ake ci gaba. Ɗayan zaren ture shi ake gefe. Sanin gaba da baya kuwa ba daga gare shi yake ba, daga igiyar ne. Zaren ADN yana da kai da gindi, gefen da muke kira 3' da wanda muke kira 5', riƙon kuma ta fuska ɗaya kawai yake zama. UvrD daga 3' zuwa 5' yake tafiya. XPD, wani helikaz da ke cikin jikinmu, akasin haka.

XPD ɗin ne ma ya fi tsaya mini a rai. Shi da abokinsa XPB suna buɗe wurin, ya bi zaren yana ja, da ya iso inda aka lalace sai ya cije, kamar ƙulli ya zo hannun mai jan guga. Cijewar nan ita ce shaida cewa lallai akwai ɓarna, sai masu yanka su cire haruffa wajen 30. A E. coli 12 ko 13 ake yankewa, UvrD ya zo ya ɓanɓare guntun. Wani lokaci ma yakan tsallaka kan ɗayan zaren ya juya baya, abin da ya buɗe ya sake rufewa. Ni da nake gaya wa yara helikaz yana "neman" ɓarna, kamar wani ɗan doka da tocila! Babu abin da yake nema. Kamawa da saki ne kurum, har ya ci tuntuɓe.

Tun 1976 aka gano helikaz na farko a Jamus. Aziz Sancar, ɗan Turkiyya, ya sami kyautar Nobel a 2015 kan wannan gyaran na yanka da cirewa. Duk na san waɗannan, suna cikin littafina na jami'a. Sai ga shi yarinya ƴar shekara goma sha takwas ta nuna mini sunaye na haddace.

Da na dawo gida farin cikin ya gushe. Na tuna akwai yaran da ake haifa wannan gyaran bai aiki a jikinsu, wasu saboda XPD ɗin ne ya samu matsala. Rana kaɗan ta ƙone su, kansar fata ta kama su tun suna ƙanana. Faransawa na ce musu ƴaƴan wata, don sai dare suke fita. Na yi ta tunanin irin wannan yaro a Damagaram cikin watan Afrilu, uwa tana cewa kambun baka ne, ana ta yawon neman rubutu. Auta na barci a tabarma, goshinta ya yi baƙi da wasan rana, na daɗe ina kallonta.

Sai Alhamis nake da ƴan tarminal ɗin. Na ce wa Hadiza zan tafi da igiyar shanya aji, ta ce in na taɓa ta sai dai in shanya rigunana a kan katanga. Zan aro ta Malam Isa.

An ɗauke wuta.