Motar da Ba Ta Tsayawa Don An Ɗaga Hannu

Abin da ke fara kunyata ɗan garinmu a gefen garuruwan Birtaniya shi ne ɗaga wa mota hannu. Ƙaramar bas ce, kujeru babu kowa, direba ya dube ka ya wuce. A hanyar Ringim ko Gumel da an tsaya, ko a but ne a cusa ka. Nan kuwa in sunanka ba ya cikin na'urar direba, to ba fasinjansa ba ne kai.

Motocin kira ke nan. Unguwannin gefen gari ba su da jama'ar da za ta cika babbar bas, sai ƙananan hukumomi suka koma wa ƙananan motoci masu zuwa in an neme su. Yankin Wales ya fara nasa tsarin mai suna fflecsi a 2020, birnin Milton Keynes ya fara nasa mai suna MK Connect a 2021, kowane da iyakar yankinsa.

Za ka sauke manhaja, wani wurin ka haɗa ta da katin banki, ka sa inda kake da inda za ka. Sai ta ba ka lokaci da lambar mota, ta nuna maka wata kusurwar titi da za ka taka, tafiyar ƴan mintuna. A nan ake yin ɓatan kai. Wurin ba shi da allo ba shi da rumfa, ɗigo ne kawai a taswira. Kuma a hagu suke tuƙi, mu kuwa tun 1972 muka koma dama, don haka ƙafarka da kanta za ta kai ka tsallaken da ba shi ba. Direba ba ya wuce minti ɗaya ko biyu yana jira. Ya tafi, ya tafi ke nan, wani wurin ma a cire maka kuɗin. Ka duba ɓangaren titin da ɗigon yake, ka isa da wuri, ka riƙe abin cajin waya, domin sanyi na shanye batir.

Kada kuma ka amince da lokacin isa. Kana ciki kwamfuta za ta ƙara wani fasinja, mota ta karkata. Mai aikin kula da tsofaffi da zai karɓi aiki ƙarfe bakwai ya ƙara rabin awa a lissafinsa. Safiya ce lokacin da motoci ke ƙarewa saboda yawan masu kira, in ana karɓar kira tun jiya, yi tun jiya. Wanda ba shi da babbar waya akwai lambar da ake bugawa.

Amma wallahi akwai abin da ke sa ni jinjina musu. Mai keken guragu in ya rubuta haka a manhaja, motar da ke da matakalar hawa ake turo masa, a ɗaure keken da bel, ya tafi asibiti shi kaɗai ba tare da ya roƙi kowa ba.

Duk sanda na ga haka Inna nake tunawa. Gwiwa ta hana ta hawa babur, daga ƙauyenmu zuwa bakin kwalta kuwa rairayi ne, da damina laka. Ranar ganin likita a Dutse sai Yaya ya nemi mai a-daidaita-sahu tun dare, a yi ciniki, maza biyu su ɗaga ta. Sai dai mai keken ya san ta. Zai durƙusa ya ce, "Inna, ina kwana, ya ƙarfin jiki?" Zai jira ta idar da walaha, ba ya duba agogo. A nan mutum shida a mota, an yi duhu tun ƙarfe huɗu a Disamba, babu mai ce maka sannu.

Yaya, kuɗin wannan watan a ware na mai keken daban, a biya shi zuwa da dawowa, kada a sake ɗora ta a babur.