Wata bakwai da na ajiye wafarin

"Malam, yaushe ka yi shanyewar jiki?"

Tambayar da likitan ya jefo min ke nan, yana kallon hoton kaina a kwamfuta. Na ce Allah ya kiyaye, ban taɓa yi ba. Ni da na zo da ƙafata? Tela ne ni, ranar da abin ya faru ma sai da na gama aikin wuyan riga biyu kafin na fito. Abin da ya kai ni asibiti daban ne: ɗan adaidaita ya goge ni a kan babur, kaina ya bugi kwalta. Da suka ji ina da ciwon zuciya, kuma a katina an rubuta maganin tsinka jini, sai suka ce dole a yi hoton CT a ga ko jini ya zuba a ciki. Bai zuba ba. Amma akwai wani ɗigo mai duhu a gefe guda, likitan ya ɗora bakin biro a kai ya ce wannan tsohon tabo ne, ba na faɗuwar yau ba. Bayan sati biyu aka yi MRI, wanda ya fi gani, tabon ya zama uku.

Sau uku ke nan jini ya yanke wa wani yanki na ƙwaƙwalwata har wurin ya mutu, ina zaune a kan keken ɗinki ban ji komai ba. Bakina bai karkace ba, hannu bai saki ba, magana ba ta sarƙe ba.

Masu irin ciwona sun san labarin, ba sai na ja shi ba. Ciwon maƙogwaro ina yaro, wanda Inna ta kai ni wurin wanzami aka cire min belu, sai zazzaɓi da ciwon gaɓɓai da aka ce sanyi ne. Shekara ashirin da wani abu bayan nan aka yi min hoton zuciya saboda haki, aka ce zazzaɓin nan ya sa bawul ɗin da ake kira mitral, wato wata ƙofa da jini ke bi a cikin zuciya, ya tsuke. Faɗin ƙofar a mai lafiya yakan kai murabba'in santimita 4 zuwa 6, tawa ta koma 1.4. Ɗakin zuciyar da ke bayanta ya faɗaɗa, bugun zuciyar kuma ya rikice, ba ya tafiya bai ɗaya. To jinin da ba ya wucewa da sauri kwanciya yake yi, kamar ruwan kwata, in ya kwanta sai ya yi guda. Gudan nan in ya ɓalle, hanyar kai a buɗe take. An faɗa min duk wannan tun ranar farko, har da zane a bayan takarda. Ba zan ce ban sani ba, kuma wannan ne yake ci min rai.

Shekara uku ina shan wafarin, maganin tsinka jinin da ke hana gudan taruwa, ba fashi. Abin da ya gundure ni ba ƙwayar ba ce, gwajin INR ne, wanda lambarsa ke nuna yadda jini ya tsinke. Duk wata ka rufe shago, ka biya kuɗin mota, ka bi layi a ɗebi jini, ka dawo karɓar sakamako, ka sake bin layin likita don ya ce ƙara rabin ƙwaya ko rage rabi. Ana so lambar ta tsaya tsakanin 2 da 3, tawa kuwa yau 1.6 gobe 3.4. Ga dasashi na jini in na yi asuwaki. Allura ta soke ni a yatsa, abin da kowane tela ke tsotsewa ya ci gaba, ni sai na naɗe da ƙyalle kada in ɓata wa mutane shadda.

Sai azumi ya zo da ɗinkin Sallah. Ƙwayoyin suka ƙare ana tsakiyar aiki, na leƙa kyamis ɗin unguwa da daddare, ba su da shi. Yaron da ke wurin ya ce, "Yallaɓai, ai asfirin ma tsinka jini yake yi, ga arha, kuma babu wani gwaji." Na san ba likita ba ne. Na san abin da nake son ji ya faɗa min. Na karɓa da niyyar bayan Sallah zan koma asibiti. Ƙaramar Sallah ta wuce, babba ta wuce, ban ji wani canji a jikina ba, har na fara ce wa uwargida ashe da ma wahalar da kai muke yi. Ta ce, "Maigida, ka dai koma ka ji ta bakinsu." Na ce jikina ai ni nake jin sa. Wata bakwai aka yi a haka.

Wannan maganar ta "ni nake jin jikina" ita likitar zuciyata ta fara rushewa da na koma da hotunan. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi min sauƙi. Ta ce ƙwaƙwalwa kamar gari ce, akwai bakin kasuwa akwai bayan gari. Guda ya toshe jijiyar da ke ciyar da wurin motsa hannu ko wurin magana, kowa zai gani nan take. In ƙarami ne kuma ya faɗa wani lungu, sai wurin ya mutu shiru, maƙwabtansa su rufa asiri. Ciwon iri ɗaya ne, wurin saukarsa ne ya bambanta. Kuma wanda aka ga irin wannan tabo a kansa, haɗarin ya yi shanyewar jiki ta sosai nan gaba ya kai kusan ninki biyu na wanda ba shi da shi, haka ma haɗarin rikicewar tunani in girma ya zo. Na tambaye ta ko a cikin watannin nan bakwai abin ya faru. Ta ce hoto ba ya zuwa da kwanan wata, tana iya cewa tsoho ne kawai. Ta so ta sauƙaƙa min ne. Ni dai na san lokacin da na bar ƙofa a buɗe.

Asfirin kuwa, ta ce aikinsa daban. Yana hana ƙananan ƙwayoyin jini mannewa, amma irin gudan da ke taruwa a ɗakin zuciyar da ta rikice ya fi ƙarfinsa. Na kawo mata maganar sababbin magungunan da ba sa buƙatar gwaji, don wani abokin cinikina yana shan ɗaya. Nan ma ba sa'a. A 2022 an fitar da sakamakon wani babban bincike mai suna INVICTUS, mutum sama da 4,500 a ƙasashe 24, ciki har da na Afirka, duk masu irin ciwona: bawul da zazzaɓin ƙuruciya ya lalata, ga rikicewar bugu. Aka gwada rivaroxaban, ɗaya daga cikin sababbin, da irin su wafarin, sai ga shi masu shan tsohon maganin sun fi tsira daga mutuwa. Wato gwajin da nake gudu, babu hanyar kewaye shi.

Abin da ya ƙara ba ni haushi, rawar da lambata ke yi ma tana da dalili, kuma da na yi tambaya da an warware min tun tuni. Ganye ne. Zogale, alayyahu da danginsu suna ɗauke da bitamin K, shi kuma yana rage wa wafarin ƙarfi. Ni kuwa sati guda in ci kwaɗon zogale kullum, sati biyu ban kalle shi ba. Ba a ce in daina ba, cewa aka yi in daidaita, abin da na saba ci in riƙa cin sa kusan bai ɗaya. Sannan Flagyl da Septrin da nake saye da kaina in ciki ya ɓaci suna harba lambar sama, magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen kuma suna jawo zubar jini a ciki. Jiƙe-jiƙen gargajiya na ajiye su gaba ɗaya, tunda ba wanda zai gaya maka me ke ciki. Azumi ma bai zama hujja ba, ƙwaya ɗaya ce a rana, bayan shan ruwa ta wadatar. Tun da na kiyaye waɗannan, gwaji huɗu a jere lambar ba ta fita daga 2 zuwa 3 ba.

Yanzu matsalata zargi. In na manta inda na ajiye almakashi sai gabana ya faɗi. Rannan na auna wani, na juya zan rubuta, tsawon hannun ya ɓace min, na tsaya riƙe da tef kamar wanda aka dasa. Wataƙila da ma haka nake, wa ya sani, amma da can dariya zan yi. An koya wa uwargida alamun da ba a jira da su: karkacewar baki, sakin hannu ko ƙafa, sarƙewar magana, ɗaukewar gani, ko da na minti biyar ne ya wuce. Ta rubuta ta manna a jikin firij. Autarmu kuma ta yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi watan jiya, Inna ta fara zancen wanzami, na ce "Inna, ki yi haƙuri, wannan karon asibiti za mu." Aka ba ta maganin kwana goma, na tsaya a kanta sai da ta shanye tas.

Ana maganar buɗa bawul ɗin da balan-balan ko a canza shi, muna kan neman kuɗi. An riga an gaya min in na ƙarfe aka sa, ni da wafarin sai mutuwa. Yaron kyamis ɗin yana nan, muna gaisawa. Shekaranjiya ya tambaye ni ko asfirin ɗina bai ƙare ba, na ce masa ya ƙare, na wuce.