Yau mun sauke Tsoho cikin ruwan Wikki

Asabar da dare, masaukin Wikki, Yankari.

Jikina kamar an daka ni a turmi, amma bari in rubuta kafin barci ya sace ni.

Shekara 3 ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya zaunar da kakana. Iyakarsa daga ɗaki zuwa zaure, sai ranar asibiti. Kullum kuma zancensa Wikki, ruwan ɗumin nan na dajin Yankari da ya taɓa kawo ɗalibansa lokacin yana koyarwa. Da ya dame mu, Kawu ya ce a je.

Muna idar da sallar asuba muka bar Bauchi, kekensa na marasa lafiya a naɗe cikin but. Muka bi hanyar Gombe, muka karya kwana a Dindima. Daga ƙofar Mainamaji, mashigar dajin, sai da muka ƙara cin sama da kilomita 40 cikin daji kafin masauki, Tsoho na ta ba mu darasin da ba mu tambaya ba: an keɓe dajin a 1956, an buɗe wa masu ziyara a 1962. Wai Yankari ta girmi 'yancin kan Najeriya da shekara 4, ni kuwa ko takalmin ƙafarsa ya girme ni.

A bakin matakala aka yi ta. Ruwan yana can ƙasa cikin kwari, sai an bi matakala mai tsawo da gangara, keke ba shi da aiki a nan. Mun zo da shirinmu: kujerar roba da muka ɗaure a kan gora biyu da igiya, har gwaji muka yi a gida da buhun masara. Tsoho ya ƙare mata kallo ya ce, "Kai ja'iri, makara ka haɗa mini tun da raina?"

Na ce, "Haba Tsoho, ai gwaji ne, don ranar kada mu sha wahala."

Ya kai mini duka da hannun mai lafiyar. Kawu kam bai yi dariya ba, shi ɗa ne, ba ya cikin wasan jika da kaka. Tsoho ya kafe ba zai hau ba. Na lura idonsa na kan 'yan makarantar da ke sauka suna waiwayenmu. Sai da suka shige ya ce a hankali, "Goya ni."

Ba a goya mai shanyewar jiki kamar yaro, don ɓari ɗaya ba ya riƙo. Ƙanina ya ɗora hannun hagun a kafaɗata ya riƙe, muka ɗaure shi da zane biyu, ɗaya a ƙugu ɗaya ƙarƙashin hammata. Kawu ya wuce gaba yana sauka da baya-baya, ko da zan zame. Duk matakala 10 mu tsaya. Shi ke ba da umarni daga bayana, "tsaya", "je ka", kamar mai jaki. Ina jin numfashinsa a wuyana, da ƙashin ƙirjinsa. Ashe haka ya rame. Babbar riga ce take rufa mana asiri.

Ruwan yana ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse, garau, kana hango farin yashi a ƙasa. Ɗuminsa digiri 31 ne, rani da damina. Muka zaunar da shi a wuri marar zurfi, na tallafe bayansa. Can sai ƙafar hagun, wadda mutum biyu ke cicciɓa a sa mata takalmi, ta taso sama da kanta. Ya zuba mata ido ya daɗe. Bai ce uffan ba, mu ma haka. Daga baya ya ce in sassauta riƙon, ba kaza ba ce shi.

Muna cikin haka wani gwaggon biri ya yi awon gaba da ledar burodinmu. An gargaɗe mu, mu ne ba mu ji ba.

Hawowa ta fi sauka wuya nesa ba kusa ba. Ni da ƙanina muka riƙa karɓa-karɓa, wani bawan Allah da ba mu sani ba ya ɗauko mana kaya har sama.

Da la'asar muka shiga motar zagaya daji, aka ba shi gidan gaba. Wajen kogin Gaji mun ga ɓauna da gwambaza, ƙudan tsando ya ci rabonsa a jikina. Giwa dai sai kashinta a kan hanya.

Yanzu wai gobe sai kogunan Marshall, ɗakunan kogo guda 59 ɗin nan da mutanen zamanin baya suka sassaƙa a jikin dutse. Ɗan rakiya ya ce mota ba ta kaiwa bakinsu, sai an taka, ga hawa. Kawu ya ce a'a. Tsoho ya juya masa baya, sannan ya kira ni ya tambaya ko mun jefar da kujerar nan. Tana but. Na ce wa ƙanina ya ƙara ɗaure igiyar kafin ya kwanta.