"Ba Na Aiki," In Ji Mai Ƙuli-ƙuli

Farkon shigata binciken zamantakewar mata, na sauka wani ƙauye da jaka cike da takardun tambayoyi. Tambaya ta huɗu ita ce, "Kina aiki?" Duk wadda na tambaya sai ta ce a'a. Ni kuwa ina ta rubuta "zaman gida", har da jin daɗi, wai ga abin da na zo nema: mata a kulle, ba su da ko sisi nasu.

Wata dattijuwa ce ta kwance mini zani a kasuwa. Tana ce mini "ba na aiki" hannunta na cikin tunkuza tana matsar mai. Can jikarta ta dawo daga talla, ta zube mata ciniki a faifai. Na ce, "Inna, wannan fa?" Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, wannan ai sana'a ce. Aiki na masu albashi ne."

Kunya ta kama ni, domin na karanta Polly Hill, Baturiyar da ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, wadda tun 1969 ta yi rubutu kan cinikin da matan Hausa ke yi a ɓoye cikin gidajensu. Har jarrabawa na ci a kansa, amma da zan tsara tambayata sai na ɗauko ta daga Turanci.

Na ajiye takardun. Na koma sallama a zaure, in nemi izinin maigida, in shiga in zauna kan tabarma ina taya ɓarar gyaɗa. A nan na ji lissafin gaske: wa ke ɗinkin hula, wa ke uwar adashi, wadda ta ranta wa mijinta kuɗin taki kuma ba ta yafe ba. Kuɗinta nata ne, addini ma ya ba ta. Mafi yawansa kayan ɗakin 'ya yake tafiya, kuma 'yar ce ke yawon tallar da ke hana ta zuwa makaranta. Wannan ƙullin har yau ban iya kwance shi a rubutu yadda zai gamsar da ni ba.

Kalmar "jinsi" ma, wadda mu masu bincike ke amfani da ita wajen batun matsayin mata da maza, na daina furta ta a ƙauye, don da an ji ta sai a ɗauka na zo raba aure. Yanzu ɗalibaina in za su fita, nakan karɓi takardarsu in soke "aiki", in rubuta, "Wace sana'a kike taɓawa?"