Wa ya biya mai sassaƙar?

Aikin da aka ba ni a ajin tarihi shi ne Haikalin Rubuce-rubuce na Palenke, tsohon birnin al'ummar Maya da ke jihar Chiapas ta Meziko. Na zauna na kwashe shekarun tsaf: an haifi Sarki Pakal a 603, ya hau karaga a 615 yana ɗan shekara 12, ya rasu a 683. Na ƙara da labarin Alberto Ruz, masanin tonon kayan tarihi, wanda ya lura da wasu huji a jikin falalen dutsen da ke daɓen haikalin, ya ɗaga, ya tarar da matakala cunkushe da ɓaraguzai. Sai a 1952 ya kai ga kabarin sarkin can ƙasa. Na miƙa takardata ina jin kaina.

Da ta dawo, layi ɗaya ne malam ya rubuta da jan biro a gefe: "Wa ya biya mai sassaƙar?"

Na yi kwana biyu ina jin haushi, domin babu shekarar da na kuskure. Daga baya na gane ba shekarun yake tuhuma ba.

Masana ma sun daɗe a kan irin wannan. Har tsakiyar ƙarni na 20 ana ɗauka rubutun Maya lissafin taurari ne da kalanda, aikin malaman addini da babu ruwansu da yaƙi. A 1960 wata mai bincike, Tatiana Proskouriakoff, ta duba sassaƙaƙƙun duwatsun Piedras Negras, wani tsohon birnin Maya a Guwatemala, ta ga shekarun sun kasu rukuni-rukuni, kuma babu rukunin da ya wuce tsawon ran mutum ɗaya. Ashe ranar haihuwa ce da ranar naɗi. Mutane ne a jikin dutsen, masu sarauta.

To, sai na koma wa allunan Pakal guda uku da ke cikin haikalin, masu alamomin rubutu sama da 600. Ba su ɓoye cewa mayaƙan Kalakmul, wata masarautar Maya, sun ci Palenke a 611 ba. Wannan ya ɗaure mini kai da farko: wace fada ce za ta sassaƙa ranar da ta sha kashi? Amma dubi inda aka ajiye zancen. An fara nuna gari ya lalace, an daina yi wa abubuwan bauta hidimar da aka saba, sannan yaro ya hau mulki komai ya dawo daidai. Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fada ya ji maroƙi ya san salon, sai an ambaci fari kafin a yabi damina. Ga shi kuma Pakal ta wajen mahaifiyarsa, Sak K'uk', ya sami sarautar, saboda haka yana da abin da zai kare.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne allunan sun lissafa zagayowar ranar naɗinsa har zuwa shekarar 4772. Mutum bai mutu ba, ya riga ya kama wa kansa wuri a biki na shekara dubu huɗu gaba!

Na sake rubuta takardar. Shekarun suna nan yadda suke, sai dai duk inda na ce "abin da ya faru" na mayar da shi "abin da fada ta ce". A sakin ƙarshe na sa cewa ɗan Pakal, Kan Bahlam, ne ya kammala ginin, kuma bai manta ya sa ranar nasa naɗin ba, 684.