Godiya bayan laccar zama farfesa

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Alhamdu lillahi, an yi taro an tashi lafiya. Jikin har yanzu da saura, likita ya hana ni dogon zama, don haka ku yi mini afuwa da ban bi kowa da kira ba. Kun san yadda aka ɗage ranar, kun san abin da ya kwantar da ni, ba sai na maimaita ba.

Waɗanda suka zo sun ji abin da na ƙarar da ƙuruciyata a kai: matan Moriskawa, wato Musulmin Sifaniya da aka tilasta wa shiga Kiristanci, na Kastil a 1502, na Aragon da Balansiya a 1526. Da aka rufe masallatai, addini ya koma cikin gida, hannun mata. Su ke wanke gawa, su ke goge wa jariri man baftisma su raɗa masa sunan Musulunci a asirce. A 1567 aka hana Moriskawan Garnada, a kudancin Sifaniya, Larabci da lulluɓi da ƙunshi da gidajen wanka. Takardun kotun binciken aƙida, wato kotun da ke hukunta masu yin Musulunci a ɓoye, da na karanta a Madrid cike suke da ƙarar da maƙwabci ya kai maƙwabci: an ga wance ta sa wankakkun kaya ran Juma'a, an ga ba ta ci da rana a watan azumi, an ga ta wanke hannu da fuska da ƙafa. Alwala kaɗai ta isa ta kai mace kurkuku, a kuma ƙwace dukiyar gidanta.

Shi ya sa abin da maƙwabciyata ta yi mini a asibiti ya ƙi barin raina. Ta roƙe ni kada in ambace ta, amma Maman 'Yan Biyu, ki yi haƙuri, sai na faɗa. Kirista ce, 'yar kudancin Kaduna. Wata asuba bayan tiyata, ko juyawa ba na iyawa, ta ji kiran salla ta tashe ni a hankali. Ta je ta samo ruwan ɗumi a buta, ta tara roba a gefen gado, tana zuba mini tana tambaya, "Mama, hannun sau nawa ne?" Ƙafar ita ta durƙusa ta wanke mini. Sannan ta fita ta tambayi ma'aikaciyar jinya ina ne gabas, ta dawo ta gyara mini matashi. Da ƙyar na iya karanta Fatiha saboda kuka. Ita kuwa ta zaci ciwon ne ya tashi, har tana shirin kiran likita. Allah ya raya miki 'yan biyunki, ya ba iyayenki tsufa mai daɗi, ya ba ki mai yi miki fiye da haka.

Abban yara, Allah ya saka da Aljanna. Gwaggo, kin taso daga Zariya da ciwon gwiwarki a motar haya, Allah ya ƙara girma. Ɗalibaina da suka buga laccar daga muryar da nake tura musu a waya, Allah ya ba ku ilimi mai albarka. Da na iso kan korar 1609, lokacin da Sarki Filib na Uku ya ba Moriskawan Balansiya kwana 3 su bar gidajensu, korar da ta fitar da mutum kusan 300,000 zuwa 1614, muryata ta sarƙe. Baba mai sharar sashenmu ne ya miƙo mini ruwa. Baba, na gode.

Akwai na jini da muke gari ɗaya, ban gan su a asibiti ba, ban gan su a zauren ba. Na san hidima ta yi wa kowa yawa. Inna dai ta tambaye ni su, na rasa abin da zan ce mata. Allah ya sa lafiya ce.

Allah ya jiƙan matan nan da suka riƙe salla cikin tsoro, ya haskaka makwancinsu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa cikin aminci. Masu neman kwafin laccar, ku ƙara haƙuri sai na koma ofis.