Silifas ɗin da suka cinye min wata huɗu

Jiya na miƙa makullin lab na kwashe 'yan komatsaina, shekara uku kenan ina leƙen vesikil a maikiroskof, sai na ce bari in rubuta wannan ko zai amfani wanda zai gaji kujerata.

Abin da har yau yake cin raina maganar vesikil masu siffar silifas ce. Ita dai vesikil 'yar jakar kitse ce mai ruwa a ciki, girmanta kamar maikiromita 20 (maikiromita dubu ne milimita ɗaya), kaurin fatarta bai wuce nanomita 5 ba (nanomita dubu ne maikiromita ɗaya), kuma fatar nan ba ta yarda a ja ta, kashi 3 ko 4 cikin ɗari ta fashe. To in ka tura ta siririyar hanya siffa kawai take iya canzawa. Ruwan tsakiya ya fi na gefe gudu, wadda ta cika tam sai ta fito kamar harsashi, wadda ta ɗan saki bayanta ya lotsa ta koma laima. Ni kuma ran nan da yamma sai na ga nawa suna karkacewa gefe guda, jela tana bin bango, fatar tana zagayawa kamar sarƙar tankar yaƙi, silifas sak, kuma a gudun ruwan da ba a sa ran ganinsu. Wallahi ranar ban runtsa ba, na ɗauka na gano wani abu.

Ashe mazubin ruwan gulukos, wato ruwan sukarin da vesikil ɗin suke ciki, shi ne nake bari a buɗe. Fitilar maikiroskof tana ɗumama shi ruwa yana tashi, ga PDMS ɗin ma, wato robar da aka yi siririyar hanyar da ita, yana shan nasa, sai sukarin waje ya fi na ciki kauri, ruwa ya riƙa zurarewa daga cikin vesikil ɗin har su saki kamar ledar fiya wata da aka sha rabi. Na safe harsashi na yamma silifas, lokacin yana rubuce ɓaro-ɓaro a jikin kowane bidiyo, ni dai ɗoki ya rufe min ido. Wata huɗu fa.

Kuskuren nawa ne, ban musa ba. Amma oga sau biyu yana kallon bidiyon nan yana cewa in ci gaba, har ya sa hoto ɗaya a jawabinsa. Ranar da wata baiwar Allah ta tambaya a mitin ko na sake auna kaurin sukarin bayan gwaji, sai ya juyo gaban kowa ya ce ai wannan ɗan aji ɗaya ma ya sani. Na haɗiye kawai. Abin da ya hana ni ajiye aikin a makon shi ne ɗan yayata mai sikila, don tun farko saboda shi na shigo harkar, in gane yadda jar ƙwayar jini mai maikiromita 8 take lanƙwashewa ta wuce jijiyar da ta fi ta ƙanƙanta, ga tasa kuma in ta sandare sai ta maƙale.

Sauran shawarwarin ba su da yawa. Ka auna sukari kafin gwaji da bayansa. Kumfar iska ɗaya a sirinji ta isa ta ɓata maka yini. Duk abin da oga ya amince da shi a baki, tura masa imel ya amsa a rubuce.

Na sake gwajin tun daga farko cikin sati bakwai, ni kaɗai, hotunan da ake yawo da su yanzu nawa ne ko an faɗa ko ba a faɗa ba. Murfin da na yanka wa mazubin yana durowa ta biyu, don Allah kar a yar.